Babur ɗin Unguwarzoma da Ya Zo Cikin Buhu Uku

Sunana Mumuni. A Jugu aka haife ni, amma na fi shekara talatin ina gyaran babur a Banikanni, nan Paraku. Samarin da ke zama a bakin ƙofata bayan la'asar sun sha gaya mini cewa sana'ar nan ta zama wasa. Wai yanzu in abu ya lalace sai ka buɗe waya, ka kalli yadda wani ke kwancewa, kai ma ka kwance, ka sayo sabo ka ɗaura. Ba na jayayya da su. Kwancewa ba ta da wuya, duk mai hannu biyu da sifana zai gama ta kafin azahar. Bari dai in ba ku labarin wani babur da aka kwance ana kallon waya, ku ji inda aikin yake.

Shekarar da ya zo mini ita ce mafi tsanani da na gani a sana'a. An zo faɗaɗa hanya, rumfar da na daɗe ina aiki a ciki ta faɗa cikin layin da aka ja da jan fenti, muka kwashe. Iyaka kuma a rufe take, kayan gyara da ke zuwa mana daga Najeriya suka yi wuya, mai ya yi tsada, 'yan zemijan masu haya da babur da yawansu suka jingine. Na kwaso teburin ƙarfena da akwatunan sifana na kafa su gindin mangwaro a tsakar gida. Matata Hajara tela ce, kekenta na baranda. Ita tana ɗinki, ni ina zaune ina goge kayan aikin da ba su yi datti ba. Akwai makon da facin taya biyu shi ne aikina gaba ɗaya.

Wata safiya a tsakiyar bazara, mangwaro ya fara nuna, sai ga mota ta tsaya a ƙofar gida. Direba ya sauke buhu uku, da wani babban daro cike da ƙarafa, da ƙafafun babur biyu, da gangar jikinsa wadda tsatsa ta cinye fentinta. Tun daga gangar na gane shi. Irin dogayen baburan dajin nan ne na da, masu ƙatuwar ƙafar gaba, waɗanda malaman gona da masu allurar shanu ke hawa muna yara. Suna gudu a kwalta, suna kuma shiga inda mota ba ta shiga. Idona na kan buhunan, ko matar da ta kawo su ban duba da kyau ba.

Ta gaishe ni, ta gaishe da Hajara, ta ce sunanta Rakiya, unguwarzoma ce a wani ƙaramin asibiti da ke gaba da Kolokonde.

"Baba, na mahaifina ne," ta ce. "Malamin gonar auduga ne, Allah ya yi masa rasuwa. Babur ɗin ya shekara bakwai a ɗakin ajiya. Ƙanena ya ce zai tayar da shi, ya kwance komai, sai ya samu aiki a Kotono ya tafi. Na kai wa masu gyara uku, kowa ya ce in sayar wa masu awon ƙarfe."

"Ba ki da wani abin hawa ne?"

"Ina da ƙarami irin na gari. Daminar bara sau uku yana kafe mini a taɓo. Na ukun, an kira ni haihuwa a wata ruga, na bar shi a hanya na ƙarasa da ƙafa. Na tarar matar ta haihu ita kaɗai, jini yana ta zuba. Da ƙyar muka ceto ta. Ba na son damina ta sake samuna haka."

Na tambaye ta yaushe hanyoyinsu ke yankewa. Ta ce in ruwa ya zauna, nan da wata biyu ko ƙasa da haka. Ban ce zan iya ba, ban kuma ce ba zan iya ba. Na ce ta ba ni kwana uku in ga abin da ke nan da abin da babu.

Aikin farko wanki ne. Na shimfiɗa tsohuwar tabarma, na juye buhunan, na zauna da kananzir da tsohon buroshin haƙori ina wanke ƙarfe ɗaya bayan ɗaya. Ƙanen nata ya zuba duk notuna da sukurori a leda guda, dogo da gajere, na inji da na birki. Na jera gwangwanayen tumatir ina rabawa. Sukuru biyu za su yi kama da juna kamar tagwaye, amma ɗaya ya fi ɗaya tsawo da kaurin farce. In ka sa dogon a ramin gajeren ka matse, zai huda bangon inji daga ciki, ba za ka sani ba sai mai ya fara ɗiga.

A nan ne shekarata ta farko ta koyo ta yi mini rana. Ina da shekara goma sha huɗu mahaifina, wanda fataucin goro ya gada, ya kai ni wurin Baba Alasan a Jugu da ƙullin goro, ya ce ga ni. Shekara guda cur Baba Alasan bai bari na matse noti ko ɗaya ba. Wanki kawai. In an tashi aiki sai ya zuba sukurori a kwano, ya ce in rufe ido, in ɗauka in faɗi inda kowanne ya fito. In na kuskure ba ya duka, sai dai ya ƙara mini kwano na biyu. Shekara shida na yi a hannunsa kafin a yi mini bikin 'yantawa, wato na gama koyo, ya ba ni sifana uku da guduma.

Bayan kwana uku na san matsayin babur ɗin. Zobban fistan sun manne. Ɓeraye sun cinye wayoyin wuta. Sirdi ya ruɓe. Wayoyin ƙafar baya rabi sun karye. Ƙanen nata kuma, da zai raba injin gida biyu, sai ya cusa sukudireba a tsakani ya buga da guduma, ya bar tabo a daidai fuskar da ya kamata ta kasance sumul. Duk waɗannan ba su tayar mini da hankali ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini: ƙaramin giya mai haƙora da ke juya inji in ka taka kik, haƙoransa uku sun karye. Babur ɗin ba shi da maɓallin tayarwa, kik ne kaɗai. Na zaga duk masu sayar da kayan gyara a Paraku, kowa ya juya shi a hannu ya girgiza kai. Na kira Rakiya na ce zan yi, amma sai na je Jugu.

Na tarar da Baba Alasan zaune a zaure, ido ya yi rauni, ya daɗe da barin aiki. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi rumfa, na gaya masa ta tafi. Ya ce Allah ya musanya. Sai na sa masa giyan a tafin hannu. Ya bi haƙoran da babban yatsa, ya shafa ramin tsakiya.

"Na dogon babur ne, mai fistan ɗaya," ya ce. "Har yanzu akwai mai hawansa?"

"Za a samu, Baba, in kun taimaka."

"Shiga ɗaki. Ƙarƙashin gado akwai gwangwanayen madara. Ba na farko ba, ba na biyu ba, wanda aka ɗaure murfinsa da roba."

Yana ciki, naɗe a tsumma mai maiƙo, ko tsatsa babu. Ya ce daga wani babur da ya faɗa gada ya cire shi tun ina yaro. Ya ƙi karɓar komai, sai goron da na kai masa.

Haɗa injin ya ci mini kwana goma sha biyu. Tabon nan na fara da shi. Na samo gilashin taga mai kauri, na manna takardar guga mai laushi a kai, na riƙa zagaya fuskar ƙarfen a hankali, ina shafa tawada ina dubawa, har tawadar ta goge daidai ko'ina. Takardar da ake sawa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kada mai ya yoyo, wadda muke ce wa juwan, babu irinta a kasuwa. Na ɗora sabuwar takarda a kan ƙarfen ina bin gefe da ƙaramar guduma har siffar ta fito da kanta. Da na zo sa boris, zobban nan masu ƙwallaye da sandunan inji ke juyawa a ciki, ban buga ko ɗaya ba. Na kai su firjin maƙwabciyarmu mai sayar da ƙanƙara suka yi sanyi, bangon injin kuma na ɗora shi a murhun gawayin Hajara ya yi zafi. Ƙarfe mai zafi yana buɗewa, mai sanyi yana tsukewa. Kana sakin boris sai ka ji ya zauna da kansa. Hajara ta ce tuwonta na ranar warin mai yake yi. Gaskiya ta faɗa.

Wanda bai taɓa ɗaura wayoyin ƙafa ba ya ɗauka saƙa ce kawai. Guda talatin da shida ne, kowace tana jan ƙafar zuwa gefenta. Ka matse ɗaya fiye da kima, can ɗaya gefen ya karkace. Na kafa ƙafar a kan ƙarfe, na ɗaure alli kusa da bakinta, ina juyawa. Inda alli ya taɓa, nan ne ta kauce. Ka sassauta nan rubu'in juyi, ka matse can rubu'in juyi, ka sake juyawa. Yini biyu na yi a kan ƙafar baya kaɗai. Wayoyin wuta kuwa ɗaya ɗaya na ja su sababbi, ina gwada kowace da ƙwan fitila da batir.

Da na zo ado ban yi ƙyashi ba, don aiki babu, lokaci kuwa akwai. Na kankare tanki har ƙarfe, na yi masa fari da jan layi kamar yadda na san su a da. Sirdi na samo soso mai kauri, na yanka shi tudu guda daidai asalinsa, Hajara ta ɗinka masa baƙar riga, ɗinki biyu biyu. Ran da na zuba mai na taka kik, a bugu na uku ya kama. Ƙararsa mai nauyi ce, daki daki, ba irin kukan ƙananan baburan yanzu ba. Maƙwabta suka leƙo. Na bar shi ya yi zafi, na sassauta wani noti a kan injin don in tabbatar mai yana hawa sama, na ga ya tsattsafo. Washegari na fita da shi hanyar Jugu, na sauka kwalta na shiga jar ƙasa, na bi ramuka da gangan. Ko gezau. Na dawo na kira Rakiya na ce ta zo ta ɗauki kayanta, da sauran kusan mako uku kafin ruwa ya zauna.

Ta zo ranar Asabar. Ta zagaya shi sau biyu, ta dafa tankin, ta ce haka yake sak lokacin da mahaifinta ke ɗora ta a gaba. Na ce ta hau. Ta kama ƙahon tuƙi, ta ɗaga ƙafa, da ƙyar ta haye. Da na sake shi sai na ga abin da ban gani ba tun ranar farko. Rakiya gajeruwa ce. Ƙafafunta biyu suna lilo, ko yatsa bai kai ƙasa ba. Ta karkata dama don ta taka, nauyin babur ya bi ta, suka zube tare kusa da rijiya.

Muka ɗaga shi, ta karkaɗe zane, ta ce ba ta ji ciwo ba. Ta ce bari ta gwada tayarwa ina riƙe. Ta hau kik da duk nauyinta, ya sauka rabi ya tsaya. Ta sake. A na uku injin ya mayar da bugu, kik ya dawo ya daki idon sawunta. Ta sauka ta zauna a bakin baranda tana murza wurin.

"Baba, kun yi aikinku," ta ce. "Babu abin da ya rage. Ni ce ban kai shi ba. Ko sayar da shi zan yi, tunda yanzu ya zama abin saye."

Hajara ce ta tsayar da kekenta, ta dube ni.

"Malam, kun auna ta kuwa kafin ku fara?"

"Babur ake aunawa, ba mutum ba."

"Ni dai ban taɓa sa almakashi a yadi ban auna mai riga ba."

Ta yi gaskiya, kuma ban ɓata lokaci wajen musu ba. Na gyara babur ɗin ne daidai mutumin da ya rasu, dogo mai ƙarfi, ba daidai wadda za ta hau ba. Na ce wa Rakiya kada ta sayar, ta ba ni kwana goma. Hajara ta ja ta ɗaki da tef ɗin awo, ta fito ta rubuta mini tsawon ƙafarta a bayan kwali. Na auna daga sirdi zuwa ƙasa. Sai na rage kusan faɗin tafin hannu da yatsa biyu kafin tafin ƙafarta ɗaya ya zauna sosai. A ranar hadari ya haɗu a gabas, ya yi iska, bai zubar ba.

Da sirdin na fara, don shi ne ya fi sauƙi, shi ne kuma na fi jin nauyin taɓawa. Hajara ta farke ɗinkinta da reza, ni kuma na ɗauki wuƙar yanka burodi na fafe soson nan da na yi alfahari da shi. Ban rage tsawo kaɗai ba, na tsuke gefe da gefe, don sirdi mai faɗi yana buɗe cinya ya cinye tsawon ƙafa. Na samu yatsa uku a nan. A gaba na sassauta maɗaurin sandunan ƙafa, na tura su sama yatsa biyu. A baya akwai wasu ƙarafa biyu da ke haɗa sifirin da gangar jiki. Na yanka wasu da suka ɗan fi su tsawo daga ƙarfe mai kauri, na huda, na goge. Sau uku ina yi, don na farko ya saukar da shi har taya na gogar ƙarƙashin sirdi in an faɗa rami. Duk abin da ka rage a wuri ɗaya sai ya nemi hakkinsa a wani wuri. Babur ya sauka, sandar jinginarsa ta yi tsawo, sai na yanke ta na sake walda. Cikinsa ya matso ƙasa, sai na yi masa faranti na ƙarfe don kada dutse ya fasa injin. Fitila ta koma kallon ƙasa, na ɗaga ta.

Saura kik. Irin wannan injin yana da wani ɗan hannu da ke buɗe bawul kaɗan, iska ta fita, kik ya yi laushi. Na ga mazauninsa tun farko, amma wayarsa da mariƙinsa ba su cikin buhu, ni kuma ƙafata ba ta buƙatarsa, sai na toshe na wuce. Yanzu na koma kansa. Na samo hannun birkin keke, na gajarta shi, na ɗaura a ƙahon hagu, na ja waya zuwa kan inji. Daidaita shi ya ci mini yini guda. In ya buɗe da yawa inji ba ya kamawa, in bai buɗe ba kuma aikin banza ne. A baya na yi mata kariyar ɗora kaya mai faɗi daidai akwatin aikinta, na bar wurin zaman mutum ɗaya da matakan ƙafa masu ƙarfi.

Da ta dawo, ruwa ya riga ya sauka sau biyu. Ta hau, ƙafar hagu ta zauna a ƙasa daram, ta dama kuma yatsu suka taɓa. Muka tafi filin makaranta ranar Lahadi. Abu na farko da na koya mata ba tuƙi ba ne, don ta iya tuƙi. Na kwantar da babur a ƙasa na ce ta ɗaga. Ta sunkuya ta kama da hannu, ya ƙi. Na nuna mata yadda za ta juya masa baya, ta sa ƙugu a sirdi, ta kama ƙaho da kariya, ta tura da ƙafafu. Ya tashi. Na sake kwantar da shi. Sau goma muka yi. Sannan tayarwa: ki taka a hankali har ki ji ya yi tauri, ki ja ɗan hannun, ki wuce taurin kaɗan, ki saki hannun, ki dawo da kik sama, sannan ki sauka da jikinki duka har ƙasa, kada ki taɓa totur. Da azahar tana tayar da shi a bugu biyu. Da la'asar na cire mata buji, wato fulogi, na jiƙa shi na mayar, na ce ta gano abin da ya hana shi tashi. Ta gano.

Ban yarda ta tafi da shi ita kaɗai ba. Na ce sai na ga yadda yake a hanyar da zai yi aiki. Ranar Litinin da sassafe muka kama hanya, ni na tuƙa har Jugu. Muka biya ta ƙofar Baba Alasan, na bar injin yana aiki. Ya fito da sanda, ya karkata kai yana saurare.

"Bawul ɗaya ya ɗan yi sako-sako," ya ce.

"Da gangan na bar shi haka, Baba, sabon haɗi ne."

"Na sani. Ina gwada ka ne."

Daga Jugu Rakiya ta karɓa, na koma baya da jakar kayan aikina a tsakaninmu, akwatinta ɗaure a kariya. An yi ruwa mai yawa a jajibirin ranar. Bayan Kolokonde muka bar babbar hanya muka shiga ta gonaki, tsakanin kunyoyin doya. Taɓo ya fara. Da farko tana ƙanƙame ƙaho, ƙafar gaba na rawa. Na ce ta saki kafaɗa, ta dubi inda take son zuwa, ta daina kallon ramin da take tsoro. Sau ɗaya muka zame muka kwanta a gefen gona. Ban taɓa babur ɗin ba. Ta juya masa baya ta ɗaga shi, ta taka, ya kama.

Wajen hantsi muka iso rafin da ta ce nan ne ƙaramin babur ɗinta ke tsayawa kullum. Ruwa ja, yana tafiya, faɗinsa ya kai taku ashirin. Na sauka na naɗe wando na shiga da sanda. Ya kai mini gwiwa, ƙasan yashi ne da tsakuwa, sai wani rami a hagu. Na tsaya a kan ramin na ce ta bi ta damana, giya ta ɗaya, kada ta saki totur ko me ya faru. Ta daɗe tana kallon ruwan. Sannan ta yi bisimilla ta shigo. A tsakiya ƙafar baya ta zame, babur ya karkata, na ga ta sauke ƙafar hagu cikin ruwa ta dafa ƙasa, ta tura, ta miƙe. Ta haye tudu, ruwa na zuba daga injin, tururi na tashi, bai mutu ba.

Ban gama fitowa daga ruwan ba sai ga wani mutum ya gangaro a kan keke, gumi ya jiƙa masa riga. Yana ganinta ya jefar da keken. Ya yi mata magana da yaren Yom, wanda ni kaɗan nake ji, amma na gane kalmar mata da kalmar asuba. Rakiya ta juyo.

"Baba, matarsa ce. Tun asuba take naƙuda, abin ya ƙi. Asibiti ya nufa nemana. Gidansu na bayan wancan tudun, babu hanya sai ta ƙafa, sai ya nuna mini."

Wurin zama ɗaya ne a baya. Na cire jakata daga kan sirdi na ce wa mutumin ya hau, na nuna masa inda zai sa ƙafa. Rakiya ta ce, "Ku fa, Baba?" Na ce ga inuwa, ta tafi.

Suka shiga wata siririyar hanya cikin ciyawa, nan da nan na daina ganinsu. Amma a daji ƙara tana tafiya nesa. Na tsaya ina saurare. Ta sa giya ta biyu. Ta sa ta uku. Da suka kai hawan tudun na ji injin ya fara nauyi, na ce a raina, rage, rage yanzu. Ta rage. Ƙarar ta hau tudun daki daki har ta ɓace.

Na zauna gindin wata kaɗanya. Keken mutumin na kwance inda ya jefar da shi, sarƙa ta yi sako-sako, birkin baya babu roba, ƙafar gaba ta karkace. Ina da kayan aiki, ina da lokaci. Na juya shi ƙafafu sama na fara. Na yi azahar a wurin, na yi la'asar, wata mata da ta fito daga gona ta ba ni gasasshiyar doya. Na gama keken har na zagaya da shi sau biyu.

Rana ta yi sanyi sannan na jiyo babur ɗin daga nesa. Tun kafin su bayyana na san lafiyarsa lau. Ta tsaya a gabana, ta sauke ƙafa, taɓo har gwiwa, mutumin ya sauko daga baya yana ta yi mini godiya da hannu biyu. Na zagaya na duƙa ina duba ƙarƙashin injin, na ga farantin ya samu sabon tabo.

"Kin daki dutse," na ce. "Ya mutu miki a hanya?"

"Sau ɗaya, a gangare. Bugu ɗaya ya tashi." Sai ta yi dariya. "Baba, ba ku tambayi mai jego ba."

Na miƙe, na goge hannu a wando. "Yaya mai jego?"

"Lafiya lau. Mace aka samu. A juye ta zo, shi ya sa. Da na ƙara awa ɗaya, da wani labarin ake yi."

Mutumin ya ɗaga kekensa, ya matsa birki, ya sake matsawa, ya dube ni ya dubi keken. Rakiya ta taka kik a hankali har ya yi tauri, ta ja ɗan hannun, ta sauka da jikinta duka. Ya kama.

"Ku hau, Baba," ta ce. "In kai ku bakin kwalta kafin motocin Paraku su ƙare."

Na rataya jakata na hau baya.